Gobara a Kujerar Mai Shari'a

Mai shara ce ta fara gani, ita kuma aka fara kamawa. Da safiyar Litinin ta buɗe babban zauren kotun ɗaukaka ƙara da makullinta kamar kullum, sai ƙauri ya buge ta. Kujerar tsakiya, wadda shugaban alƙalai ke zama a kai, ta ƙone har ƙarfen cikinta ya fito. Jar alkyabbarsa na yashe a kai, rabi toka rabi tsumma. Ƙasa kuwa fari fat da garin tukunyar kashe gobara, ita tukunyar tana jingine a bakin ƙaramar ƙofar ma'aikata.

Matar ta yi salati, ta yi kuka, sannan ta yi abin da hannunta ya saba, ta ɗauki tsintsiya. Kafin masinja ya leƙo ya kurma ihu ta share kusan rabin zauren.

Rana ba ta take ba sai da mutanen ginin suka gama yi mata shari'a a bakinsu. Makulli a hannunta yake. Ta share shaida. Ga kuma zancen ɗanta, wanda aka yi wa ɗaurin rai da rai a kan kisan da yake rantsuwa bai yi ba. Watannin baya alƙalai uku sun zauna a kan ƙarar da ya ɗaukaka: ɗaya ta ce a sake shi, ɗaya ya ce a bar shi inda yake, shugaba ya bi bayan na biyun. Masu buga takardu da suka yi shekara da shekaru suna aikenta sayen burodi suka fara tuna irin kallon da take yi wa kujerar nan. Haka mutane suke, da an kama wani sai kowa ya tuna abin da bai taɓa gani ba.

Sufeto ya kulle ta a ɗan ɗakin 'yan sanda na bakin ƙofa, ya ce jibi zai gurfanar da ita. Wanda ya ƙona kotu ba a ba shi beli, kowa ya sani. Mace mai ciwon ƙirji irinta, in ta shiga, ba lallai ta fito da ƙafarta ba.

*

Shugaban alƙalan da kansa ya ce a kira Duƙau.

Duƙau tsohon mai bin sawu ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gaban 'yan sanda a bayan ɓarayin dabbobi da masu fasa gidaje. Sunan ya samo asali ne daga halinsa, don ba ya duban fuskar mutum sai ya gama da ƙafarsa. Matarsa ma takan ce ba ita ya aura ba, duga-duganta ya aura.

Tsakaninsa da Mai Shari'a akwai wata tsohuwar ƙauna. Shekarun baya, Duƙau na ba da shaida a wata shari'a, wani lauya ya kira shi boka a gaban jama'a, aka yi ta dariya. Da ƙarar ta hau sama sai ta faɗa hannun wannan alƙalin. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta kiran shaidu, abin da aka rubuta a ƙasa take karantawa, don haka bai taɓa ganin Duƙau ba. Amma ya bi bayanin sawun layi-layi, ya rubuta cewa mutumin nan ya san abin da yake faɗa. Tun daga ranar Duƙau ba ya yarda a zagi alƙalai gaba ɗaya a gabansa, sai ya ce a cire mutum guda.

Ba Duƙau kaɗai ke ganin girman Mai Shari'a ba. Mutumin ya faro daga majistare a wata kotu mai yoyo, ya hau babbar kotu, ya zo nan, ba a taɓa jin ya karɓi ko goron wani ba. Lauya zai kawo hujja yana tinƙaho, shi kuwa ya gaya masa shafin da ya karanta a karkace ba tare da ya buɗe littafi ba. Ritayarsa ta matso, har an fara ɗinkin kayan zaman bankwana.

*

Duƙau ya cire takalminsa a bakin zauren, ya bi gefen bango yana tafiya kamar mai neman allura. Sufeto na biye da shi yana hamma.

Sawun silifar mai shara ya cika ko'ina, amma a sama yake, shi ne na ƙarshe. A ƙarƙashinsa, a ɓangaren da tsintsiya ba ta kai ba, akwai sawun mutum guda, namiji, ba yaro ba, da irin baƙin takalmin da kowa ke sawa a ginin daga lauya har masinja. Ya tsaya a ƙasan dandamalin alƙalai ya fesa garin sama, ya ja da baya, ya matso, ya sake ja da baya. Duk tafiyar mai gaggawa ce.

Sai wuri guda. A nan mutumin ya haɗa ƙafafunsa cif, dunduniya da dunduniya, kan takalman ya danne garin har siminti ya fito. A gaban yatsun kuma ga zagayen gindin tukunyar, ta taɓa ƙasa sau ɗaya an ɗage ta. Ba kujerar da ta ƙone ƙafafun ke kallo ba, suna kallon ƙofar da ke bayanta ne, wadda alƙalai ke shigowa ta ciki.

Duƙau ya zagaye wurin da alli ya daɗe a tsugune.

"Baba, ka bar wahalar da gwiwarka," in ji Sufeto. "Takalmin ɗanta ta sa."

"Ta sa wuta kuma ta kashe da kanta, Yallaɓai?"

"Tsoro ne ya kama ta."

"To me ya tsayar da ita a nan ta ƙame kamar soja?"

Sufeto ya ɗaga kafaɗa. "Wataƙila tari ya sarƙe ta. Ni dai jibi ce tawa."

*

Mai shara na zaune a kan benci, ta rufe ƙafafunta da gefen zani. Duƙau ya roƙe ta ta buɗe. Ƙafa ce ƙarama, mai faso, babban yatsan ya karkace. Da za ta sa takalmin namiji da jan sa za ta yi ta yi, sawun kuwa babu ja a cikinsa.

"An ce ranar Asabar aka ji ƙaurin hayaƙi a harabar nan. Ina kika je ranar, Inna?"

"Gidan yari. Na bi layi har rana ta ƙona ni, aka ce an soke ziyara. Na dawo da abincinsa a hannu."

"Wa ya gan ki?"

"Mata irina. Ka je ka tambayi sunansu, mu ba ma tambayar juna."

"An ce kin tsani kujerar nan."

Ta yi wani murmushi mai ciwo. "Ni nake goge ta, Baba. Washegarin hukuncin ma ni na goge ta. Na yi Allah ya isa a zuciyata, ba zan ɓoye maka ba, na yi har na gaji. Amma ashana ban ƙyasta ba." Tari ya taso mata, ta jira ya lafa. "In suka kai ni can, wa zai riƙa leƙa yaron nan? Ba shi da kowa."

Duƙau bai yi mata alkawari ba, don ba ya yi.

*

Mai gadi ya rantse bai ɗaga daga bakin ƙofa ba duk ranar Asabar. Yana rantsuwar yana jujjuya ƙafa guda a bayan ɗaya. Duƙau ya dubi takalminsa, ya ga jar laka ta bushe a jiki, a harabar kotu kuwa babu jar ƙasa ko ta magani. Akwai ta dai a bayan wurin wankin motoci da ke tsallaken titi.

"Mota nawa ka wanke?"

Mai gadi ya yi tsuru-tsuru. "Don girman Allah, Baba, kar a kai ni gaba. Iyali ne. Daga can ina hango ƙofa, wallahi ina hangowa."

"Me ka hango?"

"Motar Ina-da-ja. Ta shiga da hantsi, ba ta daɗe ba ta fito a guje."

Ina-da-ja lauya ne, sunan kuma ya ci shi, don ko gaishe shi ka yi sai ya nemi abin musu a ciki. Duƙau ya same shi a ɗakin da lauyoyi ke sa rigunansu, ya zaunar da kansa ba a ce ya zauna ba.

"Jakata na manta, na zo na ɗauka. Laifi ne?" in ji lauyan. "Kuma kullum a guje nake tuƙi, ka tambayi kowa."

"An ce kun yi da Mai Shari'a ranar Juma'a."

"Mun yi? Shi dai ya yi mini! Ina tsaye ina kawo hujja, a gaban yaran da nake koya wa aiki, sai ya kira ni da sunan mahaifina. Mahaifina da ya rasu tun ina makaranta! Wai in zauna, ya riga ya ji ni jiya. Wace jiya? Wulaƙanci ne kawai, yana so ya nuna mini ban kai ubana ba. Amma ni takarda nake rubuta wa mutum, ba na yawo da ashana."

Duƙau ya so ƙwarai a ce shi ne, don bakin mutumin ya ishe shi. Sai dai da ya dubi ƙasa ya ga ƙafa kamar faranti. Sawun zauren zai shige cikin takalmin nan har da sauran wuri.

*

Ofishin Mai Shari'a na warin tsofaffin littattafai da tabar lofe. Dattijon ya miƙe ya kama hannun Duƙau da hannu biyu, ya tambayi maiɗakinsa da yara. A bayan kafaɗarsa magatakardansa ke tsaye, wani siririn mutum mai furfura da ya bi shi tun kotun nan mai yoyo. A ginin ana cewa in Mai Shari'a ya yi atishawa, Magatakarda ne ke goge hanci.

"Ba kujera suka ƙona ba, Duƙau," in ji Mai Shari'a. "Kotu suka ƙona. Duk wanda ya yi, ko ɗan cikina ne, doka ta hau kansa. Ka samo mini shi."

"Da yardar Allah, ranka ya daɗe. Ranar Asabar kana ina?"

"Ina…" Ya juya kansa kaɗan.

"Yana gida, yana karatu," Magatakarda ya ƙarasa. "Ni ma ina can tare da shi, kamar kowace Asabar."

Gidan a bayan kotun yake, ɗan lambu da ƙaramar ƙofa ne kawai tsakaninsu.

Mai Shari'a ya laluba aljihunsa na dama, ya laluba na hagu. "Malam, ina lofena?"

"Na kai gyara, ranka ya daɗe."

Idon Duƙau ya sauka inda ya saba sauka. Takalman dattijon duk baƙaƙe ne, amma ɗaya mai igiya, ɗaya marar igiya. Kunya ta kama shi kamar ya leƙa ɗakin da ba nasa ba, ya kawar da kai. Mutum mai shari'o'i fal a kansa, in ji shi a zuci, ai ba ya da lokacin takalmi.

Da ya tashi tafiya Mai Shari'a ya sake kama hannunsa. "Ban ma tambaye ka ba, yaya maiɗakinka da yara?"

*

Washegari Duƙau ya rasa inda zai sa kansa. Mai gadi maƙaryaci ne amma ba shi ba ne, lauya mai baki ne amma ba shi ba ne, gobe kuma za a ɗauki matar. Ya shiga ƙaramin zauren da aka mayar da zaman kotu, ya samu bencin baya ya zauna don ya huta da tunani. Alƙaliyar nan da ta ce a saki ɗan mai shara ita ke tsakiya a ranar.

Bai fahimci komai a turancinsu ba, don haka ya yi abin da ya iya, ya kalli ƙafafu. Wani lauya ya tashi zai fita. Da ya kai bakin ƙofa ya juyo, ya haɗa dunduniya da dunduniya, ya rusuna wa alƙalai. Jakar da ke hannunsa ta taɓa ƙasa, ya ɗage ta ya fita. Wata ta shigo, ita ma haka. Masinja ya kawo takarda, shi ma haka.

Duƙau ya gyara zama. To, rusunawa ce. Wanda ya kashe wutar ɗan gida ne, wanda girmama kotu ya bi jikinsa.

Can aka tafi hutu, alƙalai suka shige ta ƙofarsu. Nan take zauren ya zama kasuwa. Lauyoyi na shiga suna fita da waya a kunne, wani na ɓare gyaɗa, wani ya ɗora ƙafa a kan benci. Babu wanda ya ko dubi dandamalin.

Ya kamo rigar wani tsohon masinja. "Ɗan'uwa, me ya sa yanzu ba ku rusunawa?"

Masinjan ya dube shi kamar ya ga baƙauye. "Wa za mu rusuna wa, Baba? Katako? Ai alƙali ake rusuna wa. In ba ya nan, ɗaki ne kawai."

Duƙau ya tashi ya tafi wurin Sufeto ya ce a nuna masa alkyabbar. Aka zaro ta daga leda. Hannayenta biyu a juye suke, ciki ya koma waje. Rigar da aka ɗauko daga rataye ba ta juyewa haka, sai wadda aka fizge daga jikin mutum.

Ya fita lambun baya ya zauna a kan dutse. Bai taɓa jin haushin aikinsa irin na ranar ba. Zai iya cewa tsintsiya ta lalata sawun, babu wanda zai ƙaryata shi, a yi wa dattijon bankwanansa da tafi. Ya daɗe yana juya wannan a ransa, kuma ya yi masa daɗi. Amma duk inda ya juya shi sai ya ji tarin matar nan.

*

Da la'asar ya sa Sufeto ya tara su a zauren da ya ƙone: mai shara da ɗan sanda a gefenta, mai gadi, Ina-da-ja yana ƙorafin an ɓata masa lokaci, alƙaliya a bencin gaba, da Magatakarda. An aika a kira Mai Shari'a.

Duƙau ya ɗauko tukunyar kashe gobarar ya miƙa wa Magatakarda. "Riƙe mini, Malam, bayana ba ya son nauyi. Tsaya nan kusa da allin."

Magatakarda ya karɓa, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Sai ƙofar bayan dandamali ta buɗe, Mai Shari'a ya bayyana. Kafin kowa ya yi tunani lauya ya rusuna, alƙaliya ta miƙe ta sunkuyar da kai, Magatakarda ya haɗa dunduniya ya rusuna, gindin tukunyar ya bugi siminti, ƙwal.

Duƙau ya ce, "Kar ka motsa." Ya tsuguna ya nuna musu. Sabon sawu da tsoho gefe da gefe, tsawo ɗaya, haɗin ƙafa ɗaya, zagayen tukunya a gaban yatsu.

Magatakarda ya ajiye tukunyar a hankali. "Ni ne," ya ce. "Ni na sa wutar, ni na kashe. Ku saki matar nan, ku tafi da ni."

Sufeto har ya kai hannu ga ankwa.

"Kai ka kashe, wannan na yarda," in ji Duƙau. "Amma wa ka rusuna wa, Malam?"

"Sabo ne kawai."

"Na zauna a kotunku yau. Ba ku rusuna wa ɗakin da babu kowa."



Mai Shari'a ya sauko daga dandamalin, hannunsa a kan katako. Idonsa ya yi wani irin haske da lauyoyi suka sani kuma suke tsoro. "An yi maka tambaya, Malam."

"Ranka ya daɗe, ka bar shi haka."

"Mu uku ne alƙalan da ke shigowa ta ƙofar nan. Ɗaya ya yi tafiya tun makon jiya." Ya dubi alƙaliyar, ta girgiza kai, ba ta zo ba. Ya juyo. "To saura wa? Amsa tambayar."

Hawaye suka zubo wa Magatakarda, bai share ba. "Na zo gida da safe ban same ka ba. Na ga ƙofar lambu a buɗe. Da na shigo kana kan kujera da alkyabba, kana karanta hukunci, babu kowa a zauren. Ka kunna lofe. Kai da ko ruwa ba ka sha a kan kujerar nan. Ashanar ta faɗa cikin takardu, hannun rigarka ya kama, ba ka ma sani ba. Na fizge ta, na tura ka bakin ƙofa, na sauko na ɗauki tukunya. Da wutar ta mutu sai na ji ka ce, kotu ta tashi. Sai na rusuna, ranka ya daɗe. Ban san na yi ba."



"Ban tuna ba," in ji Mai Shari'a a hankali. Ya ja hannun rigarsa na dama ya dubi wani ɗan jan tabo a wuyan hannun, ya daɗe yana dubansa. "Tun yaushe nake haka?"

"Tun bara. Rana ɗaya lafiya, rana ɗaya ba lafiya. Ni nake jera maka takardu, ni nake raɗa maka sunaye. Na ce saura kaɗan ka sauka da mutuncinka."

"Shi ya sa ka bar matar nan a kulle?"

"Na ɗauka za su sake ta, babu shaida. Wallahi tun ranar ban runtsa ba."

"Ni ma ban runtsa ba, Malam," in ji mai shara. "A kan siminti."

Mai Shari'a ya dubi Sufeto. "Sake ta. Yanzu, a gabana." Ɗan sandan ya ja da baya daga gefenta.

Kowa ya zaci za ta fita da gudu. Ba ta fita ba. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta tako cikin farin garin har gaban dattijon, ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba duk shekarun da ta yi tana share masa ofis.

"Ranka ya daɗe, ya ce tun bara. Shari'ar ɗana bana aka yi ta. Ranar da ka ce a bar shi a can, wace rana ce a cikin biyun? Mai lafiyar ce ko ɗayar?"

Mai Shari'a ya juya ga Magatakarda, kamar yadda ya saba. Magatakarda ya sunkuyar da kai.

"Yaya sunansa, Inna?"

Ta faɗa masa. Ya maimaita sunan a bakinsa, ya sake maimaitawa, yana lalube kamar mai neman makulli a aljihun da ya huje. Mutumin da ke haddace shafukan shari'o'in da aka yi kafin a haifi rabin lauyoyin ginin.

"Ban sani ba, Inna. Ban tuna shi ba."

"Shi kuwa da sunanka yake kwana," ta ce. "Duk zuwan da na yi cewa yake, Inna kwantar da hankalinki, in ta je gaban mutumin nan zai karanta."

Duƙau ya yi maza ya tura wa dattijon benci. Mai Shari'a ya zauna a inda masu ƙara ke zama. Ya laluba aljihu ya fito da makullan ofishinsa ya miƙa wa alƙaliyar.

"Ba zan sake hawa can ba. Ki rubuta wa na sama da mu, ki gaya musu komai, kar ki rage don ni. Duk shari'ar da na sa hannu tun bara a sake duba ta. Ki fara da ta yaron nan. Ki yi yau, tun ina gane abin da nake faɗa."

Alƙaliyar ta karɓi makullan da hannu biyu. Ta kama hannun mai shara suka fita tare, sauran suka bi bayansu ɗaya-ɗaya.

Duƙau ya tsaya sa takalminsa a bakin ƙofa. Da ya ɗago sai ya ga dattijon na kallon kujerar da ta ƙone, goshinsa a tattare da mamaki da ɓacin rai.

"Duƙau, kai ne? Zo ka ga abin da aka yi wa kotu. Ka samo mini wanda ya yi?"

Duƙau ya dubi Magatakarda, Magatakarda ya dubi bango.

"Na samo shi, ranka ya daɗe."

"An saurare shi dai kafin a hukunta shi?"

"An saurare shi."

"Madalla," in ji Mai Shari'a. Ya miƙa wa Magatakarda hannu. "Tashe ni, Malam, mu je gida. Gobe muna da zama."